Farfaɗiyata da mantuwar da ta zo da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abin ina fasawa, to yau dai nace ko a hargitse ne sai na fitar da shi, wanda Allah ya nufa da amfana ya amfana. Ni 'yar Kano ce, ina da aure da yara, ɗinki nake yi a gida ina kuma ɗan taɓa saida atamfa da leshi. Ina da farfaɗiya. Na san da yawanku daga jin haka abin da zai faɗo muku a rai shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kumfa na fita a baki, jama'a su dare su bar shi wai kar yawunsa ya taɓa su, alhali wallahi ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko cin abinci a kwano ɗaya. Ni tawa ma yawanci ba ta kayar da ni, shi ya sa aka ci shekaru ba wanda ya gane mene ne.

Yadda take zuwar min, sai in ji wani abu ya taso daga saitin cibiya yana hawowa ƙirji har maƙogwaro, sai wani wari na roba tana ƙonewa wanda ni kaɗai nake jinsa, sannan in ji wai wannan zaman da maganar da ake yi duk an taɓa yinsu sak, har ina ganin na san kalmar da za a faɗa nan gaba. Wani sa'in da faɗuwar gaba mai ƙarfi ba gaira ba dalili. Daga nan ban san komai ba. Waɗanda ke wurin su suke ba ni labari, wai sai in ƙura wa wuri ɗaya ido ina tanɗar baki ina haɗiyar yawu, hannuna na hagu yana ta murzar gefen hijabi, na dama kuma ya sandare, a kira sunana ba na amsawa. Minti ɗaya zuwa biyu ya wuce. In na dawo ina ganin mutane ina gane su amma magana ba ta fita, sai an jima bakina yake buɗewa, ga gajiya ga ciwon kai.

Inna ta ce ina ƙarama ban fi shekara biyu ba nayi wani zazzaɓi mai zafi da jijjiga wadda ta daɗe ba ta sake ni ba, har sun fidda rai. Na warke na tashi lafiya lau, sai da na shiga sakandare wannan abin ya fara. A gida aka ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu da habbatussauda da man zaitun, kuma ban ga laifin iyayena ba don abin da suka sani suka yi, kuɗinsu da hawayensu sun zuba. Sai bayan aurena da nayi babba cikin dare, irin mai karkarwar nan har na ciji harshe, sannan maigidana ya ce asibiti za a je ko waye zai yi magana. Aka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa. Maigidana likitan ya fi yi wa tambayoyi ma ba ni ba, tunda ni ban san me nake yi ba in abin ya zo. Aka yi min EEG, wanda ake liƙa wayoyi a kai (sai da na tsefe kitso na wanke kai tas ba a shafa mai), daga baya da muka haɗa kuɗi aka yi hoton MRI. Likita ya nuna mana wani ɗan wuri a hoton ya ce farfaɗiyar daga ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefen kai take tasowa, can ciki saitin kunne, a wajen hagu, kuma akwai wani ɗan sashe a wurin mai suna hifokamfos da ya ƙanƙance yayi tabo. Ya ce ana yawan samun haka a waɗanda suka yi doguwar jijjigar zazzaɓi suna yara, duk da ba kowane yaron da yayi jijjiga ne yake zama haka ba, mafi yawansu ma ba abin da ke samunsu.

Aka ɗora ni a kan magani, tashin ciwon ya ragu sosai, kowa ya ce alhamdulillahi an gama. Ni kuwa a lokacin ne ma na fara lura da abin da ya fi damuna, don ciwon minti biyu ne ya tafi amma mantuwa kullum muna tare da ita.

Ni ce uwar adashen matan layinmu a lokacin, zubin sati sati. Da ina alfahari da kaina, a ka nake riƙe wa ta zuba wa ba ta zuba ba, littafin ma sai ranar kwasa nake cike shi. Wata ranar kwasa na ƙirga kuɗi dubu biyar ba su cika ba, na duba na duba nace to zubin wata maƙociyarmu ne bai shigo ba, babbar mace ce ta girme ni nesa ba kusa ba. Na aika a gaya mata, sai ga ta da kanta ko mayafi ba ta gyara ba. Tace haba Maman Khalifa ki ji tsoron Allah, da hannunki kika karɓa a wajen yarona ranar Juma'a, har kika tambaye shi jikin kakarsa kika ba shi alewa. Nace Anti wallahi tallahi ban ga yaron nan ba tun wancan satin. Na rantse mata a gaban mata, kuma da zuciya ɗaya na rantse, don a kaina babu wannan Juma'ar kwata kwata, ba wai tana nan dishi dishi ba, babu ita. Aka kira yaron ya faɗi har kalar atamfar da ke jikina. Nan fa aka fara kallon kallo, wata na ji tana cewa ƙasa ƙasa ai dama kuɗin mutane sai mai tsoron Allah. Maigidana ne ya cika kuɗin a daren. Bayan wani lokaci ina neman bobin a aljihun keken ɗinki sai ga dubu biyar a naɗe cikin ƙyalle, irin naɗin da ni kaɗai nake yi. Na zauna a ƙasa riƙe da kuɗin nan ina kuka, kuma ko da na gansu a hannuna abin bai dawo min ba, har yau ɗin nan ban tuna zuwan yaron ba. Na kai mata na ba ta haƙuri ta ce ba komai, amma a zagaye na gaba ta cire hannunta, wasu ma suka bi ta.

Rantsuwar nan ta tsaya min a rai har sai da maigidana ya tambayar min malaminsu, ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya sakankance gaskiya ne daga baya ya bayyana ba haka ba, a wajen malamanmu na Malikiyya babu kaffara a kansa babu zunubi. Na samu sauƙi ta wannan wajen, amma sunan da ya ɓaci a layi malam ba shi da maganinsa.

Kuma ba adashe kaɗai ba. Mace za ta kawo ɗinki mu zauna mu tsara komai, wuya kaza hannu kaza a sa leshi a ƙasa, bayan kwana huɗu in ɗauko yadin in tsaya ina kallonsa ban san na waye ba. Sunayen mutane kuwa ba a magana, matar ƙanin mijina da muke haɗuwa duk sati sai in buɗe baki in kira ta sunan ya maƙale. Ko kalma ta yau da kullum, ina son in ce a miƙo min ludayi sai in tsaya ina nuni ina cewa abin nan, abin miyar nan, yara suna dariya. Maigidana zai ce min ai mun yi maganar nan jiya da daddare kin ma ce to, ni kuma in ce yaushe, shi ya ɗauka raini ne ko na fara ƙin jin maganarsa, ni kuma ina ganin ƙaƙaba min yake. Mun yi faɗa ba adadi a kan wannan. Surukata kuwa hukunci ta yanke, tace yarinyar nan ba ta da kula ne kawai, abin da take so ai ba ta mantawa.

Wannan maganar ta surukata ita ce kowa yake yi, kuma na gane dalili. Mutum yana ganinki garau kina hira kina dariya kina lissafin kuɗin yadi daidai, kina karanto surorin da kika haddace tun Islamiyya ba gargada, ta yaya zai yarda wai kin manta abin da aka yi shekaranjiya? Ni kaina na sha zargin kaina. Har na fara tunanin ko hauka ce take sallama, ko gigin tsufa ne ya zo min da wuri, na ƙi gaya wa kowa don kar a fara zancen kai ni asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

Ranar da na gaya wa likita ma ba da niyya naje ba. Dama in kin shiga tambayar ita ce sau nawa ciwon ya tashi, kina shan magani, sai a rubuta miki wani a kira na gaba, ga layi har waje. Ranar dai ya tambaye ni yaushe ya tashi na ƙarshe, na juya ina kallon maigidana, sai ya ajiye biro ya ce Malama kina yawan mantuwa ne? Kawai sai hawaye. Ya sa aka yi min wani gwaji, aka karanto min jerin kalmomi da ɗan gajeren labari aka ce in maimaita, aka ba ni wani zane in kwafa sannan in sake zana shi da ka. Zanen nayi ƙoƙari. Kalmomin ma bayan rabin awa na kawo wasu, ba yabo ba fallasa. Amma da na koma bayan sati aka tambaye ni labarin nan, ko farkonsa ban iya kawowa ba.

Bayanin da yayi min shi ne, wannan hifokamfos ɗin shi ne yake karɓar sabon abu ya riƙe shi har ya zauna a ƙwaƙwalwa. Abin da ya riga ya zauna tun da daɗewa, irin karatun yarinta da ɗinkin da hannu ya saba, yawanci yana nan. Sabon ne yake wahalar kamawa. Ya ce a yawancin mutane ɓangaren hagu shi ya fi kula da magana da sunaye da kalmomi, na dama kuma ya fi kula da fuskoki da hanya da siffar abu, shi ya sa ni sunaye suke guje min amma ba na ɓata a hanya, wani mai irin ciwona a dama kuma shi hanyar ce take rikice masa. Ya ƙara da cewa akwai wata irin mantuwa da aka sani a masu wannan farfaɗiyar, mutum ya koyi abu lafiya ya riƙe shi yau, amma cikin kwanaki ko 'yan makonni ya zube da sauri fiye da na sauran mutane, shi ya sa gwajin zama ɗaya yakan nuna lafiya lau alhali mutum yana shan wahala a gida. Ni yadda na fahimce shi, kamar allo ne da ake wankewa tun ɗalibi bai haddace ba, an rubuta ɗin kam amma ba a bar shi ya zauna ba. Kuma wai ko ciwon bai fito fili ba, wutar da ke hargitsewa a wurin tana iya yi a ɓoye musamman cikin barci, lokacin da ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka yi da rana.

Ƙanina da ke jami'a shi ya binciko min labarin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda a 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya aka cire masa wannan sashen ta ɓangarori biyu duka. Ciwon ya ragu amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon abu ba har ya rasu a 2008, masu binciken da suka yi shekaru suna zuwa wajensa kullum sai sun sake gabatar masa da kansu. A kansa aka gane aikin wannan ɗan wurin. Labarin ya tsorata ni da farko, sai likita ya ce nawa bai kai ko kusa ba tunda gefe ɗaya ne kuma yana ɗan aiki, tiyatar ma yanzu gefe ɗaya ake yi bayan dogon gwaji, ga wanda magani ya kasa.

Sai kuma rashin tattara hankali, wanda shi daban ne da mantuwa duk da suna tafe tare. In ina yanka yadi aka yi sallama ko yaro yayi kuka, shikenan zaren ya tsinke sai na koma farko. Mutum biyu suna magana lokaci ɗaya ba na fahimtar ko ɗaya. Gidan biki yana gajiyar da ni fiye da wankin sati. Tukunya na ƙona ba iyaka, kuma abin haushin in na ji warin ƙuna sai in tsaya ina tantama tukunya ce ko ciwon ne zai tashi. A sallah kuwa raka'a ta biyu ce ko ta uku, kullum, har na fara jin nauyin tayar da sallar. Malam ya ce wanda kokwanto ya aura yana zuwar masa kullum hukuncinsa daban ne, ya yi watsi da kokwanton ya ƙarasa ya yi ba'adi, kar ya biye masa. Hadda kuma na koma na shiga ta matan aure na ga abin ba ya zama, in haddace shafi yau in bayar lafiya, sati mai zuwa kamar ban taɓa ganinsa ba, 'yan ajinmu suna ta wuce ni. Yanzu tilawa nake yi da dubawa ina kuma kare wadda nake da ita tun da.

Wani abin da ban sani ba sai daga baya, maganin kansa yana da nasa kason. Finobabiton aka fara ba ni don shi ne mai araha, yana aiki amma ni ya mayar da ni sukuku, kaina yayi nauyi tunani yana tafiya a hankali, barci ba dare ba rana. Da aka canza min zuwa kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, a hankali aka yi ana rage wancan ana ƙara wannan, sai na ji hazo ya ɗan yaye. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya ajiye maganinsa, tsayar da shi farat ɗaya yana iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, mutane suna rasa rai ta haka. A koma wajen likita a gaya masa. Kuma mata ku riƙa faɗin gaskiya in kuna shirin ɗaukar ciki ko kuna tsarin iyali, don Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, wani maganin farfaɗiyar mai suna Epilim kuma yana da haɗari sosai ga jariri a ciki. Likitan ya kuma ce rashin barci da damuwa suna ƙara dagula komai, kuma ciwon baƙin ciki yana yawan haɗuwa da irin wannan farfaɗiyar, mai baƙin ciki kuwa dama ba ya riƙe abu. Ni duk na haɗa, ga tsadar magani da ta sa wani watan sai mun zaga kemis kemis.

Abin da ya fi min ciwo duk bai kai wannan ba. Akwai ranaku manya na rayuwata da suka ɓace. Bikin sunan autata ina ganin hotuna, ga ni nan nayi kwalliya an yi min lalle ina dariya, amma ba na jin komai, sai ka ce hoton wata nake kallo. Kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ashe kafin ya kwanta ciwon ajali ya zo gidana ya yini, ya ci tuwon da na tuƙa ya sa min albarka yayi min wasu maganganu. Yayata ce take tuna min a wajen zaman makoki, tana cewa ke kam kin more, ke ya je wa na ƙarshe, me ya ce miki ne a ɗaki? Na rasa abin cewa. Ban san me ya ce min ba kuma mu biyu ne a ɗakin. Na sha kwanciya in rufe ido in matsa wa kaina ko zai dawo, bai dawo ba.

Yanzu dai na daina dogara da kaina, kuma ba na jin kunyar hakan. Ina da littafi babba a kan keke, duk wadda ta kawo ɗinki sai na rubuta a gabanta na yanki ƙyallen yadin na liƙa a shafin na karanta mata ta ce eh. A WhatsApp ina tura wa kaina saƙon murya, da an gama magana mai muhimmanci nake yi tun ban tashi daga wurin ba, da daddare in saurara, washegari in ƙara saurara don maimaitawa tana taimaka min. Magani yana cikin 'yar robar nan mai gida bakwai ga alam a waya, saboda da sai in tsaya ban san na sha ko ban sha ba. Makulli da almakashi da tef kowanne da wurinsa, wanda ya taɓa mu yi rigima. Girki ba na haɗa shi da komai, kuma ba na tsayawa kan wuta in ba kowa a gidan. Canjin kuɗin nan na farkon 2023 da ya wahalar da kowa ni sai ya zame min alheri ta wani wajen, don mata sun koyi tiransfa, alat kuma ba ya mantuwa. Na koma riƙe ɗan ƙaramin adashe na 'yan uwa, sharaɗina ɗaya ba na karɓar kuɗi a hannu, babbar 'yata ce mai littafi. Azumi ma sai da na zauna da likita ya tsara min shan magani da sahur da buɗa baki, ya kuma ce in kiyaye barci, shekarar da ciwon ya matsa kuwa ajiyewa nayi na rama daga baya.

Maigidana tun ranar da likita yayi bayanin nan a gabansa ya canza, yanzu in ya gaya min abu sai ya ce Maman Khalifa ɗauko wayarki ki faɗa mata. Surukata har yanzu tana kan bakanta, na bar ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashin ciwon in an gano shi an ba su maganin da ya dace. Irin tawa mai tabo tana cikin masu taurin kai, har yanzu takan leƙo jefi jefi. Amma ina tunanin mutum nawa ne a gidajenmu ake ce musu masu iska ko sakarkaru ko maƙaryata, yaro nawa ake duka a makaranta wai ba ya mai da hankali. In kuna da wanda yake irin wannan ɗauke wutar yana tanɗar baki, ku ɗauke shi a bidiyo da waya lokacin da abin ya zo ku kai wa likita, don shi ba zai iya bayanin abin da bai san yayi ba. In kuma mai karkarwa ce ta zo kar a tura masa cokali a baki kar a danne shi kar a ɗura masa komai, a kawar da abin da zai ji masa ciwo a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a tafi asibiti. Kuma in an shiga wajen likita a faɗi maganar mantuwar ko bai tambaya ba, a rubuto ta a takarda tun daga gida.